Hadarin farkon damina a Sakkwato: yaya ake hasashensa, wanne kuma za a yi shuka a kansa?

Tambaya: Wani manomi daga yankin Kware ya ce: "Tun ƙarshen Mayu manhajar wayata take nuna mini ruwa kusan kullum. Da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, iska ta taso ta cika gida da ƙura, ta ɗaye kwanon rufi, a ƙare da ɗan yayyafi ko ma babu. Wata rana kuma waya ta ce garau, cikin dare a sheƙa ruwa. Masu hasashen nan sun san aikinsu kuwa? Ni kuma ta yaya zan gane ruwan shuka?"

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta lau, masu hasashe ma ba barci suke yi ba. Abin da kake nema a wurinta ne ya fi ƙarfinta. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni babu na'urar da za ta tabbatar maka yau cewa jibi ruwa zai sauka a Kware ya tsallake Gwadabawa. Saukar da ruwa na Allah ne, amma ya sanya wa abin sababi, kuma akwai sababin da ake iya aunawa. Ana iya sanin ko laima ta zauna a kanmu ko leƙe kawai take yi. Ana iya sanin inda hadarin da ya riga ya tashi ya dosa, da awa nawa zai yi kafin ya iso. Da ɗan ƙoƙari ana iya nuna ranakun da suka fi ɗaukar nauyi cikin mako. In ka riƙe waɗannan za ka rage asarar iri da ta kwano.

Mu fara da laima, don komai a kanta ya rataya. Iska biyu ce ke rabon shekara a ƙasar Hausa: busasshiya mai fitowa daga arewa maso gabas, wadda muka sani da hunturu, da mai danshi da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, wadda manoma ke kira iskar bazara. Magamarsu tana tafiya arewa a hankali tun daga farkon shekara. A yawancin shekaru takan ƙetare Sakkwato, wadda ke kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu, ta ci gaba har ta wuce Agadas a watan Agusta. Inda mutane ke ruɗewa shi ne zaton cewa da zarar magamar ta wuce mu an shiga damina. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙarƙashin busasshiyar kamar bakin gatari: siririya a gaba, kauri a baya. A bakin magamar kaurinta bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, a samanta kuma iskar Sahara ce mai zafi ta danne ta kamar marfi. Sai kaurin ya kai kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu kafin hadari ya samu abin ci. Shi ya sa ruwan kirki yake bin bayan magamar da tazarar kilomita 200 zuwa 400, wani lokaci fiye. Makonnin nan na gumi da zafin dare da kake ji a Mayu, lokacin da gishiri ke dunƙulewa a kwano, ruwan randa kuma ya daina sanyi kamar na watan Maris, alama ce kana cikin wannan tazarar: laima ta iso, amma ba ta yi kauri ba.

Ma'aunin da masu aikin ke dubawa shi ne digirin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin ruwan cikinta ya fara zama raɓa. Kada ka damu da kashi cikin ɗari na laima da waya ke nunawa, don shi yana hawa da sauka ne da zafin rana, ba ya gaya maka yawan ruwan da ke cikin iskar. A watan Maris digirin raɓa na Sakkwato yakan yi ƙasa da 5. A tsakiyar malka yana wajen 22 ko 23. Layin 15 shi ne ake ɗauka a matsayin magamar iskokin nan biyu. Yawancin manhajoji suna nuna digirin raɓa in ka shiga ciki, kuma rahoton filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, mai lambar DNSO, yana kawo shi a matsayin lambobi biyu kamar 39/18: na farko zafin iska, na biyu digirin raɓa. Ko babu intanet kana iya auna shi. Zuba ruwa a kofin silba, ka riƙa jefa ƙanƙara kaɗan kaɗan kana motsawa da ma'aunin zafi a ciki. Lambar da ma'aunin ya nuna a daidai lokacin da bayan kofin ya fara dusashewa da gumi, ita ce.

Amma akwai tarko a nan. Da dare iskar teku takan ƙara gudu ta kutsa arewa, don haka da asuba kana iya samun 20 ko 21 ka yi murna. Da rana ta take, zafin ƙasa sai ya gauraya siririyar laimar da busasshiyar iskar da ke samanta, kafin la'asar lambar ta faɗo 10 ko 12. Awon safe yaudara ne a wannan lokaci. Ka auna tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma. In ya tsaya a 18 ko sama kwana huɗu, biyar a jere, laimar ta yi kaurin da rana ba ta iya cinye ta. Ka kuma duba Tawa ta Nijar, wadda take arewa da mu sak da kimanin kilomita 200. Muddin Tawa tana ƙasa da 15 da yamma, magamar tana kusa da mu, kuma kwana biyu na iskar arewa sun isa su mayar da mu rani. In Tawa ta zauna sama da 15, har Agadas ta fara taɓa shi jefi jefi, to mun shige ciki sosai.

Wannan lambar ce kuma ke bayyana hadarin ƙurar da ka ambata. Akwai lissafi mai sauƙi: ɗebe digirin raɓa daga zafin iska, ka ninka abin da ya rage da 125, za ka samu tsayin gindin girgije a mita. Ranar da zafi yake 40, raɓa 15, bambanci 25 ne, gindin hadari yana sama da kilomita uku daga ƙasa. A Agusta, zafi 31 raɓa 23, gindin yana wajen kilomita ɗaya kacal. Ɗigon da ya faɗo daga kilomita uku cikin iska mai zafi da ƙishi yakan ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. In ka lura za ka ga zare-zaren ruwa suna reto daga gindin hadarin kamar gezar rawani, sun tsaya a sarari ba su kai ƙasa ba. Ruwan da ya ƙafe ɗin nan yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta daki busassun gonaki da babu ko ciyawa a kansu, ta bazu gaba tana tura bangon ƙura. Gudunta yakan kai kilomita 60 zuwa 100 a awa. Don haka iskar Mayu da farkon Yuni ta fi ta Agusta ɓarna: ƙarfin da ya kamata ya sauka a matsayin ruwa ya koma iska. In bambancin lambobin nan biyu ya haura 20 da yamma kuma ka ga hadari, ka shirya wa iska da ƙura fiye da ruwa. In ya sauko 12 ko ƙasa, ka fito da bokiti.

Cikakken hadari yana da tsari da duk ɗan ƙasar nan ya sani ko da bai taɓa lissafa shi ba. Iskar yamma da ke kaɗawa tun safe ta ɗauke cak, gari ya yi tsit, zafi ya dame. Gabas ta yi baƙi, ƙasanta ja-ja saboda ƙura. Sai sanyi ya bugo fuska daga gabas, cikin 'yan mintoci zafi ya faɗi da digiri goma ko fiye, ƙofofi su fara bugawa. Bayan minti biyar zuwa ashirin ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya yi rabin awa ko ƙasa da haka, sannan ya koma yayyafi mai natsuwa na awa ɗaya zuwa uku, ana jin cida daga nesa. Wannan wutsiyar ta yayyafi ita ce ke ratsa ƙasa. Hadarin farkon damina sau da yawa kai ne kawai ba wutsiya. In ka ga hadari ya zo da wutsiyarsa cikakkiya, shaida ce mai ƙarfi cewa sama ta jiƙe har can ƙoli.

Me ya sa yake fitowa daga gabas alhali laima daga kudu maso yamma take zuwa? Saboda a tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina, zafin Sahara ne ke haifar da ita. Ita ke jan manyan hadura, waɗanda kan yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma irinsu ne ke kawo kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ruwan yankin Sahel. Gudunsu yawanci kilomita 50 zuwa 60 ne a awa, a nan kuma hasashe mafi inganci yake, wanda kai ma za ka iya yi. Isa da Shinkafi suna gabas da Sakkwato da kimanin kilomita 130 a miƙe: awa biyu zuwa biyu da rabi ke nan. Maraɗi kusan 200, awa uku da rabi zuwa huɗu. Katsina kusan 260, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Damagaram kimanin 400, awa bakwai ko takwas. Hadarin da aka haifa da la'asar a wajen Damagaram ko gindin duwatsun Abzin zai iso mana ne wajen sha ɗayan dare ko bayan haka, ranar da sararin Sakkwato ya wuni tas babu ko ɗigon girgije. Ga amsar ruwan daren da wayarka ba ta gani ba. Ɗan'uwa ɗaya a Shinkafi da wani a Maraɗi da za su kira ka in ya sauka musu sun fi manhaja amfani a wannan awannin. Ka tambaye su abu biyu: ƙarfe nawa iskar ta buga, ruwan kuma ya daɗe ko ya ɗauke nan take.

Wanda ke da intanet ya koyi kallon hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ke sabuntawa duk minti 15 ko ƙasa da haka, kuma manhajoji da dama suna ɗauke da shi kyauta. Hoton yana auna sanyin ƙololuwar girgije ne, dare da rana. Hadari mai ƙarfi kansa yakan kai digiri 60 zuwa 80 ƙasa da sifili, a kan nuna shi da fari tas ko launi mai ƙarfi. Hoto guda ba ya faɗin komai. Ka kunna na awa biyu ko uku da suka wuce ka ga tafiyarsa. Dunƙulen da ke girma, gefensa na yamma a yanke sumul kamar an sa wuƙa, yana da rai. Wanda gefensa ya fara yagewa, launinsa na dusashewa, mutuwa yake yi, kuma abin da zai iso maka iskarsa ce kawai. Ka lura kuma sau da yawa sukan ɗan karkata kudu a tafiyarsu, don haka wanda ke kan Gusau ya fi yiwuwa ya wuce ta kudu da mu, namu shi ne wanda ya fito ta wajen Maraɗi da Sabon Birni. Kuskuren sabon mai kallo shi ne ɗaukar duk faɗin farin a matsayin ruwa. Rumfar saman hadari ta fi inda ruwan ke zuba faɗi nesa ba kusa ba.

Tsakanin awanni da makonni akwai hasashen kwana uku zuwa biyar. Iskar gabas ɗin nan ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kowace lanƙwasa kuma takan wuce mu duk kwana uku zuwa biyar. Hadari ya fi haɗuwa a gabanta. Manyan kwamfutocin hasashe suna iya ganin wannan lanƙwasar tun tana Chadi, ko da ba sa ganin hadarin kansa. A Mayu da Yuni ba ta da ƙarfi kamar a Agusta da Satumba, shi ya sa hasashen farkon damina ya fi kowanne rauni.

Manhajarka daga irin waɗannan kwamfutocin na Turai da Amurka take ɗebo lambobinta. Suna raba duniya gida gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 25, alhali zuciyar hadari ba ta wuce 'yan kilomita ba. Don haka ƙiyasi suke yi, ƙiyasin kuma yana da hali sananne a yankinmu: yakan fara ruwa da wuri, wajen azahar, ya yayyafa kaɗan kaɗan a ko'ina kusan kullum, maimakon ya tara shi a hadari guda mai tafiya cikin dare. Ga ƙarancin tashoshin da ke auna sararin sama a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa hasashen ruwan kwana ɗaya na manyan cibiyoyin duniya a wannan yanki da ƙyar yake kamo wanda ya dogara da tarihin shekarun baya kawai. Saboda haka in ka ga kashi 60 na yiwuwar ruwa, ka karanta shi da cewa yau akwai abincin hadari a yankin. Kada ka kula da awar da ta rubuta, kada kuma ka yarda da milimitar da ta ce. Abin dubawa shi ne sauyi: kwana uku a kashi 10 sannan ya haura 50, ko akasin haka. Sanarwar kwana uku ta NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta fi, don mutane ne da suka san halin yankin ke duba hoton tauraro su gyara abin da kwamfuta ta ce. Hasashen shekara da hukumar ke fitarwa a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, yana ba da lokacin faɗuwar damina na ƙananan hukumomi; ka ɗauke shi a matsayin tsakiyar zango, da mako ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Shamuwa da zubar ganyen gawo da lissafin taurari na malamanmu, mai kwana 13 ga kowane tauraro, su ma zango suke nunawa, kuma ban ga dalilin raina su ba. Takamaimiyar rana ce ba sa iya tsayarwa.

Sai batun shuka. Ƙa'idar da masana aikin gona na Sahel suka daɗe suna amfani da ita ita ce: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko kana iya auna shi. Samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili a gona, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Da safe ka tsoma rula: santimita biyu shi ne milimita 20. Kada ka dogara da awon cikin gari, don a wannan lokaci unguwa takan samu 30 maƙwabciyarta ta samu 3. A jigawa kowace milimita tana jiƙa kusan santimita ɗaya na ƙasa, don haka ka haƙa da hannu: in danshi ya kai ɗani guda, kimanin santimita 20, ruwan shuka ne. In yatsa uku ne kawai ka tarar da busasshen rairayi a ƙasa, bar sungumi a rataye. Ranar Mayu tana iya shanye milimita 7 zuwa 10 a wuni, zafin saman rairayi da tsakar rana yakan haura digiri 50, tsiron gero kuma ba ya jure wannan in saiwarsa ba ta samu danshi a ƙasa ba.

Rabi na biyu na ƙa'idar, wato ko fari zai biyo baya, shi ne ba a iya aunawa ranar shuka, a nan ne awon la'asar da na Tawa suke shigowa. Akwai kuma abin da aka lura da shi shekara da shekaru: wajen makon ƙarshe na Yuni babban layin ruwan Afirka ta Yamma yakan yi tsalle daga gaɓar teku zuwa arewa cikin 'yan kwanaki, daga nan ne ruwanmu ke daidaita. Ruwan da ya sauka kafin wannan tsallen, komai yawansa, yana iya barin ka kwana goma ko sha biyar kana kallon sama. Shawarata ga mai gona a Kware: in milimita 20 ta samu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ka shuka gero a wani sashe, musamman inda ƙasa ke riƙe danshi, ka ajiye irin da zai isa sake shuka. Wake da gyaɗa, masu tsadar iri, su jira ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Kada ka zuba takin yuriya sai tsiro ya kafu kuma ƙasa na da danshi, in ba haka ba zai ƙone shi ko ya bi iska. Mai binne ya sani cewa babban maƙiyinsa ɗan ruwan milimita 5 zuwa 8 ne, wanda ya isa ya ta da ƙwaya amma bai isa ya raya ta ba. Mutanen Kebbe da Tambuwal sukan riga na Illela da Gada da Gudu samun zaunannen ruwa, don haka kada labarin shukar kudu ya ruɗe ka. Kuma ka bar kara da kututturan itatuwa a gona; rairayin da iskar hadari ke kwasowa yana yanke tsiro ko ya binne shi, karan da ke kwance shi ke karya gudunsa.

Kwanon da ka ce iska ta ɗaye, gyaransa a watan Afrilu yake. Iska ba ta danna rufi, tsotse shi take yi sama, tana farawa daga kusurwa da bakin gabas. Yawanci katakon ne gaba ɗaya ke tashi saboda ba a ɗaure shi da ginin ba. A ɗaure shi da ƙarfe ko waya mai kauri da aka dasa cikin bulo, a ƙara ƙusa a layin baki da kusurwoyi, a canja katakon da gara ta ci. Faranten sola da rumfunan kasuwa su ma haka. A kwashe kwalbatoci kafin ruwan farko, don ƙasar da ta sha rani tana yin ɓawo, ruwa mai ƙarfi gudu yake yi a kanta maimakon ya shiga. Hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982 sun nuna cewa yawan mafi tsananin haduran Sahel ya ninka kusan sau uku, don haka magudanar da ta ishi kakanninmu ba lalle ta ishe mu ba.

Tsawa kuwa ba ta jiran ruwa. Hadarin ƙura ma yana kisa. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙararta: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30 yana nufin tana cikin kilomita goma, ka bar gona. Walƙiyar da ake gani da dare can gabas ba a jin ƙararta ta fi kilomita 20 nisa, tana iya kai ɗari, kana da lokacin kintsa dabbobi da kwashe shanya. Kada a fake gindin itace guda a fili, nan ne ta fi samun makiyaya da garkensu. Masu kwalekwale a Rima da madatsar Goronyo su fito tun gabas na yin ja, don iskar tana riga ruwan isowa. Ɗaki mai rufi da bango ko cikin mota a rufe su ne mafaka, a kuma dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili.